Yaya, in sayi ƙaton agogon nan ko in haƙura?

Saƙon wannan makon daga Gwarinpa ya zo, na ɗan rage shi don ya yi tsawo:

"Salamu alaikum Yaya. Dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 36, mata ɗaya yara biyu, ina 'yar kwangilar saplai a ma'aikatu. Watan jiya aka biya ni wani kuɗi da na daɗe ina bi, bayan na sallami masu bina bashi abinda ya rage min ya kai miliyan 27. Wani abokina ya haɗa ni da wani mai kawo kaya daga Dubai, yana da Rolex Deepsea na hannu, irin ƙaton nan, yace in kawo miliyan 16, amma babu kwali babu takardu. Wallahi Yaya tunda na ɗaura shi a hannuna ban ƙara samun sukuni ba. Abokaina sunce a Abuja hannunka ake fara kallo kafin a saurare ka, kuma wai Rolex kadara ce bata faɗuwa. Matsalar ni siriri ne, agogon ya fi ƙarfin hannuna har lilo yake, ga ginina a Kuje ya tsaya a linta, madam kullum maganarta kenan. Na yi tunanin in saya in ce mata miliyan 2 ne. Shin manyan agogunan nan na shiga ruwa sun cancanci girmansu da kuɗinsu? Ko iyo ban iya ba fa."

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah Ya sanya albarka a abinda aka samu, duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ya san kuɗin kwangila baya fitowa sai mutum ya ji jiki.

Kar ka sayi wannan agogon. Ba wai son agogo laifi bane, nima ina so, in na ga mai kyau a hannun mutum sai na saci kallo, amma wannan ɗin, daga hannun wannan mutumin, ga gini a tsaye, ga kuma ƙaryar da kake shirin shiga gida da ita, a'a.

Ka tambaya ko girman ya cancanta, toh girman nan asalinsa ba ado bane, dole ce ta kawo shi. Ruwa yana da nauyi, duk mita 10 da mutum ya nutsa matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa, kaga kenan in aka yi nisa abin ba wasa bane. Shi Deepsea da kake magana an ƙera shi ne ya jure zurfin mita 3,900, kusan kilomita huɗu kenan a ƙarƙashin teku, ya ɗan zarce inda ragowar jirgin Titanic yake kwance a wajen mita 3,800. Don kar ruwa ya murƙushe shi sai da suka sa masa gilashi mai kaurin milimita biyar da rabi, suka sa wani zoben ƙarfe a ciki yana tallafe da gilashin, murfin bayan kuma na titaniyom. Shi yasa ya fito da faɗin milimita 44, kauri kusan 18, nauyi sama da gram 200. A matsayin aikin injiniya gaskiya abin a jinjina musu ne, bana raina shi ko kaɗan. Har akwai yayansa ma, Deepsea Challenge da suka fitar a 2022, faɗin milimita 50, wai shi mita 11,000 yake jurewa, don tunawa da nutson da James Cameron ya yi zuwa ƙasan ramin Mariana a 2012, wurin da yafi ko'ina zurfi a tekun duniya.

Amma ɗan Adam fa, nawa yake iya nutsawa? Wanda ya fara koyon nutso da tukunyar iska a baya mita 18 ake barinsa, masu yi don nishaɗi ko sun ƙware iyakarsu mita 40. Wani Bamisire, Ahmed Gabr, shine ya kafa tarihi a 2014 a Bahar Maliya da mita 332, saukar bata ɗauke shi ko minti 20 ba amma hawowa sai da ta ci sama da awa 13 saboda in ka yi gaggawa jini ne zai cika da kumfa. Ka tuna Harrison Okene, kukun jirgin nan da ya kife a gaɓar Neja Delta a 2013, ya yi kusan kwana uku a raye cikin jirgin a ƙasan teku? Mita 30 ne kacal wurin, kuma da aka ciro shi sai da aka ajiye shi a ɗakin rage matsi kafin ya fito sarari. Mita talatin fa. Agogonka yana da 3,900, kai kuma da bakinka kace ko iyo baka iya ba, kana zaune a garin da babban ruwansa tafkin Jabi ne da dam ɗin Usuma sai kwamin wanka na otal.

In ka duba gefen agogon ta wajen ƙarfe tara zaka ga wani ɗan da'ira, nasan mai sayarwar ya nuna maka shi yana kuri. Bawul ne na fitar da iskar hiliyom. Amfaninsa na mutane ƙalilan ne a duniya, masu aikin bututun mai a ƙasan teku waɗanda suke zama cikin wani rufaffen ɗaki mai matsi na makonni suna shaƙar iskar da aka gauraya da hiliyom. Ita hiliyom ƙwayoyinta ƙanana ne sosai, tana silalewa cikin agogo a hankali, ranar da za'a rage matsin su fito in bata samu hanya ba sai ta fincike gilashin. Rolex sun sa wannan bawul a agogonsu na Sea-Dweller tun ƙarshen shekarun 1960, ma'aikatan kamfanin nutso na Faransa COMEX suka yi ta aiki da shi. A cikin ruwa ma kansa baya aikin komai, balle a ofis a Central Area. Kuma abin dariyar, masu nutson yanzu ba da irin wannan agogon suke dogara ba, wata 'yar kwamfuta suke ɗaurawa a hannu tana faɗa musu zurfi da lokaci da inda zasu tsaya su huta. A 1953 da kamfanin Blancpain suka yi agogon Fifty Fathoms wa sojojin ruwan Faransa, Rolex kuma suka yi Submariner, lokacin kam agogon ne rai, zoben nan mai juyawa da shi ake lissafin mintunan da aka yi a ƙasa, shi yasa ma daga baya aka mayar da shi gefe ɗaya kawai yake juyawa, ko ya bugu ya motsa sai dai ya nuna maka lokacinka ya ƙare da wuri ba ya ƙara maka ba. Kuma Submariner na farkon mita 100 kawai yake jurewa, ya kuma ishe su.

Wato dai tifa kake shirin saya don kai yara makaranta. Zata kai su, amma kai zaka san ka sayi tifa duk safiya.

Don ka ga, zurfin baza ka taɓa amfani da shi ba amma kaurin kullum yana hannunka. Kaftani kake sawa ko? Hannu mai linki? Milimita 18 bazai shige ƙarƙashin bakin hannun riga ba, sai dai rigar ta tattare a bayansa, ko ka koma wajen tela ya buɗa maka hannun hagu ya fi na dama, na san masu yin haka kuma ana ganewa. Zaka dinga buga shi a ƙofar mota, a bakin tebur, a kan yaro in ka ɗauke shi. Lokacin zafin Maris da Afrilu gumi ya taru a ƙarƙashinsa. Alwala sau biyar a rana sai ka sassauta shi ko ka cire don ruwa ya taɓa wurin ka cuɗa, in ka cire kuma ina zaka ajiye miliyan 16 a wurin alwalar masallacin Juma'a? Sannan kace yana lilo, toh wannan ba wai sarƙar ce tayi yawa kawai ba, kan agogon ne yayi nauyi kuma yayi tudu, a siririn hannu dole ya dinga zamewa gefe yana dukan ƙashin tsintsiyar hannu, ko an rage sarƙar sai dai ka matse har ya bar maka shaida.

Ga abinda zaka yi, ka karɓi tef a wajen telanka ka auna tsintsiyar hannunka. In ka samu santimita 16 zuwa 17, wanda nake zargin nan kake tunda kace siriri ne kai, agogon da zai zauna maka daidai yana tsakanin milimita 38 zuwa 41. Kuma ba faɗin fuskar kaɗai ake dubawa ba, ka duba tsawonsa daga ƙahon sama zuwa ƙahon ƙasa inda sarƙar take kamawa, in ƙahonnin suka leƙo waje suka wuce faɗin hannunka toh agogon ba naka bane ko kyauta aka baka. Na Deepsea ya kai wajen milimita 50 ko fiye. Mutum mai jiki, wanda hannunsa ya kai santimita 19 zuwa sama, shi kam zai ɗauke shi ya zauna masa ɗas, in yana da kuɗin da bazai ji ba kuma yana son abin don ƙirarsa, bismillah, ban ga laifinsa ba.

Yayin ma ya juya. Shekarun 2000 ne aka yi haukan manyan agoguna, lokacin Panerai mai milimita 44 da 47 yana tashe. Yanzu kamfanonin da kansu ƙasa suke yi, Tudor, wanda ƙanin Rolex ne gida ɗaya suke, sun fitar da Black Bay 58 mai milimita 39 a 2018 aka yi ta rububinsa, a 2023 suka ƙara sauka zuwa 37. Submariner na yanzu 41 ne, kaurinsa bai kai 13 ba, yana jure mita 300, wanda shima ya ninka buƙatarka sau ɗari uku tunda iyakarka famfo da ruwan sama.

Sai maganar kadara, wadda ita ce abokanka suka fi cusa maka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki shi yasa take kama mutane. Wanda ya sayi Rolex kafin tsakiyar 2023, lokacin dala tana ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati, ya wayi gari dala ta haura 1,500 a 2024, in ya lissafa agogonsa da naira sai yaga ya ninka. Amma ba agogon bane ya tashi, naira ce ta faɗi, da dalar ya canza a Zone 4 ya ajiye a durowa da hakan zai gani, ba tare da tsoron karcewa ko sata a hannu ba. In ka auna da dala kuwa, kasuwar agogunan da aka riga aka yi amfani da su ta kai ƙololuwa ne a farkon 2022 daga nan ta yi ta gangarowa, waɗanda suka saya a saman nan da sunan jari sun ji a jikinsu. Kuma ko a cikin Rolex ɗin ba duka ake layi a kansu ba, Submariner da Daytona su ne 'yan gaban goshi, manyan irin naka masu sayensu kaɗan ne saboda hannun da zai ɗauka kaɗan ne. Sauran manya irin su Omega Planet Ocean mai milimita 45 da rabi ko Panerai, da ka fito da su daga kanti ka yi asarar wani kaso.

Ka tambayi kanka ranar da ka matsu, misali an kira ka asibiti ko mai gida ya turo takardar haya, wa zai baka kuɗin agogon nan a Abuja kafin magariba? Sarƙar gwal ɗin madam in ta kai kasuwar Wuse a take za'a ɗora a sikeli a lissafa gram a tura mata alat. Agogo kuwa sai ka nemi wanda ya san shi, ya yarda orijinal ne, yana so, yana da kuɗin a ranar, kuma ya ga ka matsu. Wanda ya sayar maka miliyan 16 ɗin nan ka gwada shi tun yanzu, kace masa in na dawo da shi bayan wata shida nawa zaka karɓa, ka rubuta min a takarda. Amsarsa ita ce ainihin darajar kadarar taka.

Babu kwali babu takardu, nan ne ma hankalina yafi tashi. Sabon Deepsea na ƙarfe a kanti ya haura dala dubu 14, ka buga da farashin canji na yau ka gani, sannan ka tambayi dalilin da wani zai sakar maka nashi da sauƙi haka. Jabun yanzu ba irin na da bane da ake ganewa daga nesa, akwai waɗanda nauyi, rubutu, har motsin allurar duk sun kwaikwaya, sai ƙwararre ya buɗe ciki ya duba injin kafin ya gane. Akwai kuma wanda jikin na gaske ne amma an cusa masa kayan ciki na jabu. Akwai na sata, kuma kowane Rolex yana da lambarsa, manyan dillalai suna duba rajistar waɗanda aka sace, wata rana ka kai shi sabis a Dubai ko Landan a riƙe maka shi kana ji kana gani, ka koma kana bayanin inda ka samo. Ban ce mutumin nan macuci bane, ban san shi ba, wataƙila shima haka ya saya. Amma miliyan 16 ba'a bada ita akan "wallahi orijinal ne Alhaji". Rolex suna da dila na hukuma a Najeriya, Polo, in da gaske yake ku je tare a duba kafin ko sisi ya fita daga akawun ɗinka. In ya fara kawo uzuri ka samu amsarka.

Ga kuma hidimar bayan saye da ba'a faɗa maka. Ba batir yake amfani da shi ba, otomatik ne, motsin hannunka ke ɗaura masa wani siririn ƙarfe a ciki, in ka ajiye shi kwana uku zaka tarar ya tsaya sai ka sake saitawa. Rolex suna alfahari da cewa nasu baya wuce sakan biyu gaba ko baya a rana, wanda a duniyar masu inji babban abu ne, amma Casio na batir da ɗanka yake zuwa makaranta da shi ya fi shi riƙe lokaci. Yana buƙatar sabis duk bayan wasu shekaru, su kansu suna cewa wajen shekara goma, kuma na hannu ne baka san yaushe aka yi na ƙarshe ba, kuɗin sabis ɗin daloli ne ɗaruruwa wani lokacin ya doshi dubu. In kuma ka kai wa mai gyaran agogo na bakin kasuwa ya buɗe bayan, robar da ke toshe ruwan ta tashi aiki, mita 3,900 ɗin nan da ka biya kuɗinta ta koma rubutu kawai.

Tsaro ma bazan tsaya dogon bayani ba, ka san garin. Abu ne da ake hango shi daga tsallaken titi, ka sauke gilashi a go-slow ɗin Nyanya ko AYA da daddare hannunka a kan taga, ko mota ta lalace ka tsaya neman tasi a zamanin 'yan wan cans, ɓarayin nan masu basaja da tasi. Ƙarshenta zaka koma sa shi daga falo zuwa ɗaurin aure.

Maganar abokanka cewa hannu ake kallo, bazan ce maka ƙarya bane gaba ɗaya, Abuja ce, ana kallon mota ana kallon takalmi ana kallon shadda. Amma masu kallon kashi biyu ne. Wanda bai san agogo ba bazai bambance naka da na dubu 40 da ake tallansa a Instagram ba, a ransa ma cewa zai yi jabu ne tunda ya san ka jiya. Wanda ya san agogo kuwa, irin manyan da kake son su ɗauke ka da muhimmanci a Maitama da Asokoro, kallo ɗaya zai yi yaga agogon ya fi ƙarfin hannun, ya gane an biya yaro kuɗin kwangila kwanan nan. Wani daraktan ma lissafi zai fara yi a ransa, ashe ribar da yake samu a wajenmu ta kai haka, kaga ka jawo wa kanka ƙarin masu neman kasonsu.

Yanzu abinda yafi damuna a wasiƙarka, wanda kai ka sako shi kamar ba komai ba. Kace zaka gaya wa madam miliyan 2 ne. Ƙanina, waya tana hannunta, hoto ɗaya zata ɗauka ta tura wa ƙawarta ko ƙaninta a faɗa mata kuɗinsa kafin ka fito daga wanka. Ranar ba maganar agogo za'a yi ba, maganar zata zama tun yaushe kake mata haka, da me da me kuma ka ɓoye. Matar da take ta maka naci akan gini ba don kanta kaɗai take yi ba, ita ce take ganin yadda kake shiga damuwa duk shekara in lokacin haya ya zo. Kuɗinka ne, kai ka sha wahalarsa, babu wanda ya isa ya hana ka jin daɗin wani abu daga ciki, amma tunda har sai ka rage farashin kashi takwas kafin ka iya faɗa a gida, kai ma zuciyarka ta riga ta baka amsa kafin ka rubuto min. Kuma miliyan 16 daga 27 ya wuce rabi, a sana'ar da kai ka san biya na gaba sai ranar da Allah Ya yi, ga siminti da rodi basa jiran kowa, ginin da ka bari a linta bana ba kuɗin bana zaka rufa shi baɗi ba.

Ni dai da ni ne kai, rufin Kuje zan fara yi, in ware jarin saplai na gaba in ajiye gefe. Sannan in cire wani abu da zan iya faɗa a gida da baki ɗaya ba tare da in-ina ba, in saya wa kaina agogo da shi don nima in san na yi aiki. Seiko suna yin agogon nutso tun 1965, Prospex ɗinsu na mita 200 daloli ɗaruruwa ne ba dubbai ba, Citizen Promaster ma haka har akwai mai caji da haske, kuma duk wanda aka rubuta masa Diver's a fuska ya cika ƙa'idar ISO 6425 ta agogon nutso na gaske. In kuma kana son ka gwada ko zaka iya zama da babban agogo, akwai Casio da ake kira Duro, faɗinsa milimita 44 kamar Deepsea, kuɗinsa bai kai dala ɗari ba, ka sa shi wata guda da kaftani da alwala da tuƙi, kana tuna cewa wancan ya fi shi kauri da kusan rabi kuma ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. In bayan wata ɗaya baka gaji ba, toh aƙalla ka san da gaske kake so ba zugar majalisa bace.

In Allah Ya ƙara buɗi nan gaba, kun tare a gidanku, kuma har lokacin Rolex ɗin yana ranka, ka je wajen dila na hukuma ka gwada Submariner ko Tudor mai 39 a hannunka gaban madubi, da katin garantinsa na shekara biyar da sunanka a rasit, ka tafi da madam ta taya ka zaɓa. Na ƙarfe fa, ba na gwal ba, ka san hukuncinsa ga namiji.

Shi kuma mai kayan Dubai ka kira shi yau kace ka fasa, kar ka tsaya dogon bayani don zai rage maka miliyan ɗaya yace wani Alhaji na zuwa ɗauka gobe. Ka bar wa Alhajin.